Filin Tambaya da Amsa: Gandayen Dajin Ƙasar Folan

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa sun taru ne a kan batu guda, wato gandayen daji da sauran wuraren da doka ta keɓe a ƙasar Folan, wadda take tsakiyar Turai, Jamus tana yamma da ita, Belarus da Yukren kuma suna gabas. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai nazarin gandun daji, kuma na ji malaminmu yana cewa ƙasar Folan tana da gandayen dajin ƙasa fiye da ashirin. Yaya aka yi ƙasar da ba ta kai Najeriya girma ba, ga birane ga masana'antu, ta samu filin da za ta keɓe har haka? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malaminku ya faɗi gaskiya, gandayen 23 ne, sai dai kada adadin ya ruɗe ka, domin ƙanana ne ƙwarai. Faɗin ƙasar Folan kimanin murabba'in kilomita 312,000 ne, wato wajen sulusin Najeriya, kuma idan aka haɗa gandayen nan duka ba su wuce kashi 1 cikin 100 na ƙasar ba, abin da ya ɗara murabba'in kilomita 3,000 da kaɗan. Gandun Gashaka-Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, shi kaɗai, ya ninka su wajen sau biyu. Mafi girma a cikinsu shi ne na Biebrza, a arewa maso gabas, mai murabba'in kilomita 592, mafi ƙanƙanta kuma shi ne na Ojcow kusa da birnin Krakow, wanda bai wuce 21 ba sai da ɗan kaɗan. Dokarsu ta kare halittu ta shekarar 2004 ta ce wuri ba zai zama gandun dajin ƙasa ba sai ya kai hekta 1,000, kuma a cikinsa an hana farauta da sarar itace da tsinkar tsiro da kauce wa hanyoyin da aka shata wa masu ziyara, sai abin da hukumar gandun ta ba da izini.

Abin da ya kamata ɗalibi irinka ya lura da shi shi ne cewa kariyar tasu hawa-hawa ce. Ban da gandayen ƙasa, akwai ƙananan wuraren da aka keɓe fiye da 1,500, wasunsu 'yan hekta kaɗan ne da aka tsare saboda wani tafki ko wani irin tsiro. Akwai kuma yankuna fiye da 120 da ake kare kyan yanayinsu amma ana noma da kiwo da sarar katako a cikinsu bisa ƙa'ida. Tun da ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2004 kuma, kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗinta ya shiga tsarin nan na Natura 2000, wanda ya wajabta a binciki duk wani babban aiki, hanya ce ko madatsar ruwa, kafin a yarda a yi shi a wurin da tsuntsaye ko tsirrai masu ƙaranci suke.

Akwai wani abu da ba kasafai ake faɗa ba. Gandu na 23, wato na bakin kogin Warta, an kafa shi ne a 2001, daga nan aka shafe fiye da shekara ashirin ba a ƙara ko ɗaya ba. Dalili kuwa shi ne gyaran dokar da aka yi a wajen lokacin da aka kafa shi, wanda ya ce ba za a kafa sabon gandu ko a faɗaɗa tsoho ba sai majalisun ƙananan hukumomin yankin sun amince. Su kuma majalisun suna jin tsoron rasa kuɗin katako da ayyukan yi, da 'yancin shiga daji a tsinko naman kaza da 'ya'yan itace, wanda al'ada ce mai ƙarfi a wurin mutanen Folan. Shi ya sa gandun Turnicki da masana suka daɗe suna neman a kafa a kudu maso gabas ya tsaya a takarda. A ganina dokar ta yi daidai da ta ba mazauna wuri murya, amma ta yi gaggawa da ta ba su ikon hanawa ba tare da ta fara tanadar musu abin da zai maye gurbin abin da za su rasa ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga hoton wata dabba mai kama da ɓauna, mai yawan gashi a wuya, an ce a dajin Folan take, kuma an ce ta taɓa ƙarewa aka dawo da ita. Ta yaya ake dawo da abin da ya ƙare? Daga wani tsohon mafarauci a Ningi.

Amsa: Barka kadai, Baba. Wannan dabba ita ce ɓaunar Turai, wadda mutanen Folan suke kira zubr, kuma babu naman dajin tudu da ya kai ta girma a nahiyar, domin ƙasaitaccen bijimi yana iya kai kilo 800 ko fiye. Gidanta shi ne dajin Bialowieza, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 1,500, iyakar Folan da Belarus ta ratsa ta tsakiyarsa, kuma shi ne mafi girman abin da ya saura na tsohon kurmin da ya taɓa rufe filayen tsakiyar Turai.

Abin da zai ba ka sha'awa a matsayinka na mafarauci shi ne cewa farauta ce ta fara tsare wannan daji. Sarakunan Folan da Lituwaniya sun mai da shi wurin farautarsu na kansu. Sarki Jagiello ya yi farauta a cikinsa a 1409 don tara wa rundunarsa nama kafin yaƙin Grunwald na 1410, a 1538 kuma Sarki Zigmunt na Ɗaya ya kafa dokar kisa a kan duk wanda ya harbi ɓauna ba da izini ba. An zaunar da wasu ƙauyawa a gefen dajin, aka ɗauke musu aikin tilas da talakawa suke yi wa masu ƙasa, aikinsu kawai su yi gadi su kuma koro namun daji ranar da sarki ya fito. Da aka raba ƙasar Folan a 1795 dajin ya faɗa hannun Rasha, a 1888 kuma ya zama mallakin sarkin Rasha na kansa. Saboda haka gatari da garma ba su shige shi ba a ƙarnukan da aka share sauran dazuzzukan Turai.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya rushe wannan tsari. Kafin yaƙin akwai ɓauna wajen 700 a dajin. Sojojin Jamus suka mamaye shi a 1915, suka shimfiɗa ƙananan layukan dogo suna kwasar katako, sojoji da mayunwata da ɓarayin farauta kuma suka dirar wa namun. A 1919 aka kashe ta ƙarshe a Bialowieza, a 1927 kuma aka kashe ta ƙarshe a duwatsun Kokasus, daga nan babu sauran ɓaunar Turai ko ɗaya da take yawo a daji a duniya.

Sai dai ba ta ƙare ƙaf ba, kuma nan amsar tambayarka take. Da masana suka kafa ƙungiyar ceto ta a 1923, bisa kiran wani masanin dabbobi ɗan Folan mai suna Jan Sztolcman, sai suka bi gidajen namun daji da gandayen attajirai suna ƙidaya, suka samu 54 a raye. Suka buɗe littafin nasaba, inda ake rubuta sunan kowace dabba da na uwarta da na ubanta, domin a ware waɗanda jininsu ya gauraya da na ɓaunar Amurka ko na shanu. Da aka tace, sai ya zama dukkan ɓaunayen da ke raye a yau daga dabbobi 12 kacal suka fito. A 1929 aka kawo 'yan kaɗan wani shinge a Bialowieza aka fara kiwonsu, a 1952 aka saki bijimai biyu na farko cikin daji, a 1957 kuma aka samu maraƙi na farko da aka haifa a sake. A 'yan shekarun nan waɗanda ke ɓangaren Folan na dajin sun haura 800, kuma a 2020 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke cikin haɗari ta sassauta matsayin dabbar bayan da masu yawo a daji suka haura 6,000 a ƙasashe da dama. Har yanzu littafin nasabar yana nan, a hannun hukumar gandun Bialowieza.

Duk da haka aikin bai ƙare ba. Garken da ya fito daga kakanni 12 jininsa ɗaya ne, cuta guda tana iya yi masa mummunar ɓarna, shi ya sa ake rarraba su wurare masu nisa da juna. Da hunturu kuma, idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, ma'aikata suna ajiye musu ingirici a wasu wurare a cikin daji, don kada yunwa ta kai su gonakin mutane, ko da yake wasu garken sukan fita duk da haka.

Tambaya: Malam, na karanta cewa an kai gwamnatin Folan kotu saboda ta sare bishiyoyin da ƙwari suka kashe. Ni ma'aikacin gandun daji ne, kuma abin da aka koya mana shi ne a cire itacen da ya kamu don kada ya shafa wa sauran. Mene ne laifinsu? Daga wani ma'aikaci a Birnin Gwari.

Amsa: Malam, abin da aka koya muku daidai ne a gonar katako, kuma da wannan hujja ma'aikatan gandun dajin Folan suka kare kansu. Rigimar ta taso ne daga yadda aka raba dajin Bialowieza. Gandun ƙasa, wanda asalinsa ya koma 1921 aka kuma tabbatar da shi a 1932, murabba'in kilomita 105 ne kawai, wajen kashi ɗaya cikin shida na ɓangaren Folan. Sauran yana hannun hukumar dazuzzukan gwamnati, wadda take riƙe da mafi yawan dazuzzukan ƙasar kuma take sayar da katako. Amma dajin gaba ɗaya yana cikin tsarin Natura 2000, hukumar UNESCO kuma, wadda ta sa gandun a jerin wuraren gadon duniya tun 1979, ta faɗaɗa wannan matsayi a 2014 ya rufe kusan dukkan dajin.

Daga wajen 2012 wani ƙaramin ƙwaro ya yi yawa a dajin. Yana huda ɓawon wata doguwar bishiya mai ganye kamar allura, macen ta zuba ƙwai a ƙarƙashin ɓawon, tsutsotsin su yi ta cin hanyoyin da abinci yake bi a jikin itacen har ya bushe a tsaye. Ya fi samun galaba a kan bishiyoyin da fari ya raunana, kuma ma'aikata na da sun dasa irin wannan bishiya fiye da kima saboda kyan katakonta. A watan Maris na 2016 ministan muhalli na lokacin, Jan Szyszko, ya ninka adadin katakon da aka yarda a sara a ɗaya daga cikin gundumomin dajin sau uku, daga kubik mita wajen 63,000 zuwa 188,000. A 2017 aka shigo da manyan injuna masu sara da sassabe da yanka a lokaci guda, masu fafutuka suka riƙa ɗaure kansu da sarƙa a jikinsu. Kotun Tarayyar Turai ta ba da umarnin a dakata a watan Yuli na 2017, da aka ƙi sai ta yi barazanar tarar Yuro 100,000 a kowace rana a watan Nuwamba, ranar 17 ga Afrilu 2018 kuma ta yanke hukuncin cewa Folan ta karya dokokin Tarayyar.

Hujjar masanan da suka yi adawa da saran guda biyu ce. Ta farko, ba a shawo kan wannan ƙwaro sai an kwashe mafi yawan itatuwan da suka kamu cikin ɗan lokaci, hakan kuwa ba zai yiwu ba a dajin da doka ta hana taɓa wani babban sashensa, don haka saran ba zai tsayar da annobar ba. Ta biyu ta fi nauyi, wato cewa mataccen itace shi ne arzikin wannan daji. Wanda ya shiga sashen da aka fi tsarewa, inda ba a shiga sai da ɗan jagora mai izini, zai ga gungumen da ya faɗi shekaru da yawa yana kwance inda ya faɗi, gansakuka ta lulluɓe shi, naman kaza iri-iri ya fito a jikinsa, tsutsotsin ƙwari suna cikinsa, tsuntsayen da suke sassaƙar itace da baki suna cin tsutsotsin, mujiya ƙarama kuma tana gadon ramukan da suka bari. A tsakanin rassan gungumen, inda bakin barewa ba ya kaiwa, nan ne sabbin bishiyoyi suke samun damar girma. Halittu da dama da suka yi ƙaranci a sauran dazuzzukan Turai sun saura a nan ne saboda ba a share ƙasa. Ni ina ganin kotun ta yi daidai, ko da yake ban raina damuwar mutanen garin Hajnowka ba, wanda a kan sana'ar katako ya ginu tun zamanin mamayar Jamus.

Wata sabuwar matsala ta zo bayan wannan. A 2022, sakamakon rikicin 'yan gudun hijira da ya ɓarke a iyakar Belarus, Folan ta gina katangar ƙarfe mai tsawon kilomita 186 da tsayin mita biyar da rabi, wadda ta ratsa ta cikin dajin. Ɓaunayen ɓangarorin biyu dama wani tsohon shingen zamanin Tarayyar Sobiyet ya riga ya raba su, amma kyanwar daji mai gajeriyar wutsiya, wadda adadinta kaɗan ne kuma take tsallake tsohon shingen, yanzu hanya ta toshe mata. Mutane da dama kuma, har da 'yan Afirka, sun rasa rayukansu a fadamun wannan daji saboda sanyi da yunwa yayin da suke ƙoƙarin tsallakawa.

Tambaya: Gaskiya ne akwai tuddan rairayi masu tafiya a Folan? Mu nan da su muke fama. Daga wata malamar makaranta a Gure, Jamhuriyar Nijar.

Amsa: Gaskiya ne, Malama. Suna gandun Slowinski da aka kafa a 1967 a gaɓar tekun Baltik, kusa da garin Leba. Teku ce take turo rairayin, iska ta tara shi ya zama tuddai masu tsayin fiye da mita 30, waɗanda suke matsawa gabas 'yan mitoci a kowace shekara suna binne bishiyoyi. Bambancinsu da naku shi ne babu gonaki ko rijiyoyi a gabansu, don haka hukuma ba ta dasa komai don tsayar da su, tafiyar tasu ma ita ce abin da ake karewa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mu makiyaya duk inda aka ce an yi gandu, abin da muka sani shi ne an kore mu. Su can Turai haka suke yi wa masu dabbobi? Kuma idan naman daji ya kashe wa mutum tunkiya, wa zai biya? Daga wani Arɗo a yankin Mambila.

Amsa: Allah ya ja zamanin Arɗo. Sun yi hakan, kuma a wasu wuraren sun dawo sun gyara. Misali mafi kyau shi ne duwatsun Tatra a kudancin ƙasar, kan iyaka da Silobakiya, inda tsauni mafi tsayi a Folan yake, wato Rysy mai mita 2,499. Mutanen wurin, da ake kira Gorale, sun yi ɗaruruwan shekaru suna hawa da tumaki filayen kan dutse a ƙarshen watan Afrilu ko farkon Mayu, su sauko a ƙarshen Satumba. Tumakin sun yi yawa har ƙasa ta fara zaizayewa, don haka bayan kafa gandun a 1954 gwamnatin gurguzu ta ƙwace ko ta saye filayen kiwon, cikin shekarun 1960 aka fitar da tumaki, abin da ya bar ɗaci a zukatan mutane har yau. Ba a jima ba sai aka ga filayen suna rufewa da ƙananan bishiyoyi, furannin da suke fitowa a inda ake kiwo suna raguwa, tsuntsaye da ƙwarin fili suna ɓacewa tare da su. A 1981 aka yarda tumaki su dawo, amma da sharuɗɗa: an ƙayyade adadinsu da filayen da za su shiga, dole su zama irin tumakin dutse na yankin, makiyayan kuma su zauna a bukkokin katako na gargajiya su yi aiki yadda kakanninsu suka yi. A cikin bukkar, shugaban makiyaya, wanda suke kira baca, yana dafa madarar tumaki a kan wutar da ba ta mutuwa duk tsawon lokacin kiwon, ya matse cukun da hannu, ya sa shi a mazubin katako mai zane, ya jiƙa shi a ruwan gishiri, sannan ya jera shi a ƙarƙashin rufi hayaƙi ya yi ta bugunsa kwanaki. Wannan cuku, oscypek, Tarayyar Turai ta yi masa rajista a 2008, ba mai ikon sayar da wani abu da sunansa sai an yi shi a yankin bisa ƙa'idarsa. Kasuwa kuwa tana bakin ƙofa, domin masu ziyarar gandun Tatra sun haura miliyan 4 a shekara, har cunkoson da ke kan hanyar tafkin Morskie Oko ya zama babbar damuwar hukumar fiye da tumaki.

A fadamar Biebrza labarin ya fi haka ban mamaki. Manoma sun saba shiga fadamar da dogon lauje suna yankan ciyawa don dabbobinsu, to da aka samu taraktoci da wasu hanyoyin samun abincin dabbobi sai suka daina wannan wahala. Mutanen Haɗeja da Nguru, da suka ga yadda kacalla take cinye fadama, za su gane abin da ya biyo baya: dogayen ciyayi da ƙananan bishiyoyi suka mamaye buɗaɗɗen fili, tsuntsayen da suke ƙwai a gajeriyar ciyawa suka rasa wuri. Yau hukumar gandun, wanda aka kafa a 1993, tana ba da hayar fili don a yanka ciyawa, ana amfani da injuna masu faffaɗar ƙafar sarƙa da ba sa nutsewa a laka, ana kuma biyan manoma daga kuɗin Tarayyar Turai idan suka jinkirta yankan har tsuntsaye su gama ƙyanƙyasa. Wuta kuwa an hana, kuma gobarar watan Afrilu na 2020, wadda ta cinye fiye da hekta 5,000 na gandun a lokacin fari, ta nuna dalili.

Game da diyya, dokar Folan ta ɗora wa baitulmalin gwamnati biyan ɓarnar da dabbobi biyar suka yi: ɓauna, da kyarkeci, wanda aka hana kashewa a duk ƙasar tun 1998, da kyanwar daji, da beyar (wata ƙatuwar dabbar daji mai yawan gashi da manyan farata), da wata dabbar ruwa mai datse rafi da itace har ruwa ya malale gona. Jami'i yakan zo ya duba gawar ya ƙiyasta kuɗinta. Amma akwai sharaɗin da Arɗo zai fahimta: wanda ya bar dabbobinsa daga faɗuwar rana zuwa fitowarta ba mai tsaro, ba shi da diyya. Shi ya sa makiyaya suke riƙe manyan fararen karnukan kiwo da shingen waya mai lantarki. Masu dabbobi suna ƙorafin jinkiri da ƙarancin kuɗin, amma dai suna da wurin kai kuka.

Kada kuma a ɗauka duk dajin da ya cika da namu a can hikimar hukuma ce ta cika shi. Duwatsun Bieszczady a kudu maso gabas, inda mafi yawan beyar na ƙasar suke, cike suke da ƙauyuka kafin 1947, shekarar da gwamnati ta kwashe mutane wajen 140,000 masu asalin Yukren daga kudu maso gabashin ƙasar ta watsa su arewa da yamma. Gandun da aka kafa a 1973 a kan kufansu yake, kuma har yanzu ana ganin itatuwan lambunsu da maƙabartunsu a cikin daji.

Tambaya: Malam, an ce akwai tsuntsayen da suke tasowa daga Folan su zo ƙasashenmu. Wane iri ne, kuma ta ina suke biyowa? Daga wani masunci a bakin Tafkin Chadi.

Amsa: Akwai su da yawa, Malam, amma wadda za ka fi saurin ganewa ita ce farar shamuwa, 'yar'uwar tamu shamuwar da ke zuwa da damina, sai dai ta fi ta girma, jikinta fari, gefen fukafukanta baƙi, baki da ƙafafu ja. Folan tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawanta, ma'aurata fiye da 40,000 ne suke sheƙa a can, kuma galibinsu ba a cikin gandu suke ba, a ƙauyuka suke, kan rufin gidaje da turakun lantarki, har kamfanonin wuta suna kafa musu faranti a saman turken don kada sheƙar ta taɓa waya. A ƙauyen Zywkowo da ke arewa shamuwa ta fi mutane yawa. A watan Agusta suke tashi, kuma da yake da iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa suke hawa sama su yi ta lilo ba tare da kaɗa fiffike ba, ba sa iya ratsa faɗin Bahar Rum. Sai su zagaya ta mashigin Bosforus a Turkiyya, su bi ta gabashin tekun, su shiga Masar, su bi kogin Nilu zuwa Sudan da Chadi, inda suke samun fara da tsutsa, wasu kuma su zarce har kudancin Afirka. A ƙarshen Maris da farkon Afrilu suke komawa.

Akwai kuma wani ɗan tsuntsun fadama mai zane-zane a ka, wanda nauyinsa bai wuce giram 12 ba, kuma yana cikin tsuntsayen Turai masu waƙa da suka fi fuskantar barazana. Kaso mai tsoka na duk waɗanda suka rage a duniya a Biebrza suke ƙwai, saboda shi ne ma ake yankan ciyawar da na ambata. Masana sun daɗe suna neman inda yake zuwa da hunturu, sai a 2007 aka same shi a fadamar Djoudj ta Senegal, daga baya kuma a fadamun kogin Neja a ƙasar Mali. Duk kuɗin da aka kashe a Biebrza zai tashi a banza idan waɗannan fadamu suka bushe.

Masana suna bin sawun tsuntsayen ne da zobe a ƙafa ko ƙaramar na'ura a baya. A 2018 wata ƙungiya a Folan ta ga na'urar wata shamuwarta ta tsaya cak a kwarin Shuɗin Nilu a Sudan, bayan wani lokaci sai ga takardar kuɗin waya ta fiye da zuloti 10,000 (zuloti shi ne kuɗin Folan), domin wani ya cire layin da ke cikin na'urar ya sa a wayarsa ya yi kiran wajen awa 20. Idan ka tsinci tsuntsu mai zobe a komarka ko a bakin ruwa, ka duba rubutun da ke jiki. Zoben Folan yana ɗauke da sunan ƙasar da na birnin Gdansk, inda cibiyarsu take, tare da lamba. Ka rubuta lambar da ranar da wurin da ka same shi, ka miƙa wa ma'aikatan gandun daji ko sashen nazarin dabbobi na jami'a mafi kusa su aika, idan kuma tsuntsun yana da rai ka sake shi da zobensa.